Daƙiƙa Biyu Kafin Murya

Ranar Litinin da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Almakashi ya gama ɗora aikin faifan a intanet, ya aika wa ƙanwarsa adireshin shafin, ya tashi ya yi miƙa har bayansa ya yi ƙara. A wurinsa aiki ya ƙare. Abin da ya rage shi ne ta duba, ta danna koren akwatin da aka rubuta “Na amince”, shi kuma ya kai faifan asali wurin mai bugawa.

A gidan talabijin ya samo wannan laƙabi, inda ya shekara goma sha tara yana tace rahotanni. Abokan aikinsa na cewa ko numfashi baƙo ya tsaya ja a tsakiyar hira, kafin labaran ƙarfe bakwai Almakashi ya datse shi. Da ya bar aikin sai ya buɗe shago a saman wani kantin fenti. Ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kwamfuta mai fuska biyu, da fanka mai juyawa gefe guda kawai, da lasifika biyu waɗanda yake goge wa ƙura kowace safiya kafin ya goge takalmansa.

Faifan na ƙanwarsa ne, wadda kowa a gidansu ke kira Auta. Kurma ce tun tana 'yar shekara biyu, kuma malama ce a wata makarantar kwana ta kurame, tafiyar awa goma sha ɗaya a mota daga shagon. Darussa goma sha biyu ta shirya na maganar hannu, domin iyayen ɗalibanta, waɗanda yawancinsu in yaran sun zo hutu sai dai a yi ta nuni da yatsa ana ɗaga murya. Intanet bai kai gidajensu ba, amma na'urar kallon faifai akwai, ko a gidan ko a maƙwabta. Ranar Asabar iyayen za su zo kwasar yaransu, kuma Auta ta riga ta yi musu alkawari a takarda cewa kowa zai koma da faifai. In aka rasa wannan rana, sai bayan wata uku za su sake haɗuwa wuri ɗaya. Mai bugawa kuwa ya faɗi nasa sharaɗin ba tare da kwana-kwana ba: in faifan asali ya iso ranar Alhamis kafin sha biyu na rana, kwafi ɗari uku za su shiga motar Juma'a da safe. In ya wuce da minti ɗaya, aikin wani ne zai hau injin.

An ɗauki hoton tun hutun da ya wuce, a cikin shagon. Auta ta zauna gaban wani shuɗin ƙyalle tana darasi da hannu, wani tafinta yana gefen kyamara da makirufo yana faɗin abin da hannun ke cewa. Daga nan ta koma makaranta, shi kuma ya yi mako biyar yana tacewa. Shafin da ya ɗora aikin yana nuna faifan kamar yadda zai fito a talabijin, da jerin darussan da maɓallan zaɓi, kuma mai dubawa na iya tsayar da hoto a ko'ina ya rubuta abin da ya gani.

Da ya buɗe shago ranar Talata da safe, sharhi sittin da ɗaya ya tarar. Na farko ya yaba launin shafin zaɓi. Na biyu ya ce rubutun ya fito sosai. Sauran hamsin da tara kuwa kalma biyu ce, ana ta maimaita ta kamar jan biron malama a littafin ɗalibi: “Ka yanke.” Kowanne da mintinsa da daƙiƙarsa. Koren akwatin yana nan ba a taɓa ba.

Almakashi ya gyara zama. Ya kunna lasifikarsa, ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyar. Kowace jimla cikakkiya ce, ba harafin da ya faɗi. Ya ƙara sauti har mai fenti ya ƙwanƙwasa silin da sandar tsintsiya daga ƙasa. Sannan ya rubuta mata amsa mai tsawo, cikin ladabin da yayye ke yi idan ransu ya soma ɓaci. Ya tuna mata shekarunsa a wannan sana'a, ya bayyana cewa shiru kawai ya cire don kada iyaye su yi gyangyaɗi, ya kuma ƙara da cewa ai shi ya goya ta.

Amsarta ta shigo a lokacin hutun tara na makaranta, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyu.

“Yaya, kashe sauti ka kalla.”

Ya kashe, ya kalla. Ya ga ƙanwarsa gaban shuɗin ƙyalle, hannuwa na tashi suna sauka, haske daidai, launi daidai. Bai ga komai ba. Gaskiyar maganar, wadda ba a cika tayar da ita a gidansu ba, ita ce alamomin da ya iya ba su kai ashirin ba: zo, tafi, ci, ruwa, bari, da 'yan uwansu. Da suna yara takarda suke rubuta wa juna, da suka girma waya ta karɓi aikin, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba.

Ƙarfe ɗaya matarsa ta hau matakala da kwanon abinci. A kantin magani da ke tsallaken titi take aiki, kuma ta saba cin abincin rana a shagonsa saboda, a cewarta, kujerarsa ta fi ta kantin laushi. Ita ta iya maganar hannu. Shekara huɗu Auta ta yi a gidansu tana karatun malanta, lokacin da shi yake fita kafin yara su tashi ya dawo bayan sun kwanta, kuma a shekarun nan su biyu sun yi gulmarsa a gabansa ba adadi, yana zaune yana shan shayi.

Ya nuna mata sharhin, ya ce ta zama shaida cewa yarinyar nan ta samu wuri. Ta ajiye cokali ta ce ya kunna darasi na biyu. Ba ta kai rabin minti ba ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ya tambayi abin dariya. Ta share ido, ta dube shi da fuskar gaske.

“... shi ya sa na ce kada ka sha, Maigida.”

“Kada in sha me?”

“... tun jiya, amma ka ƙi ji.”

“Wai me kike cewa ne? Fara daga farko mana.”

“To ka ji. Haka ka yi wa Auta sau hamsin da tara.”

Sai ta yi masa bayani dalla-dalla, tana nuna fuskar kwamfutar da bayan cokali. Tafinta ba ya buɗe baki sai ya ga abin da hannu ya faɗa, don haka kullum yana bayan Auta da kamar daƙiƙa biyu. Shi kuma Almakashi, kamar yadda ya saba tun gidan talabijin, zanen sauti yake bi, wannan layin mai tudu da kwari da ke ƙasan hoto. Inda layin ya kwanta sai ya ce shiru ne, ya datse. A cikin wannan shirun kuwa Auta ta riga ta fara magana. Kowace jimlar tafinta ta tsira da kanta da ƙafarta, kowace jimlar Auta an fille mata kai. Iyayen da za su koyi alama daga faifan rabin alama za su koya.

Almakashi ya ce ai da Auta ta rubuta haka tun farko. Matar ta ce ta rubuta, sau hamsin da tara, shi ne dai yake karatu da kunne. Ta ƙara da cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi, ya ci abincinsa kafin ya huce.

Ɗanyen hoton yana nan a ajiye, don haka gyara mai yiwuwa ne, sai dai ba zai iya shi kaɗai ba. Matar ta yi musayar ranar aiki da abokiyarta, ta zo ranar Laraba tun ƙarfe takwas ta zauna a kujerar baƙi. Abu na farko da ta yi shi ne zare wayar lasifikar daga bango ta naɗe ta ta sa a jakarta. Tsarin aikin mai sauƙi ne: ita tana kallon hannun Auta, in jimla ta fara ta buga biro a tebur, in ta ƙare ta sake bugawa, shi kuma ya sa alama. Ta yi amfani da damar ta ba shi umarni fiye da yadda aikin ke buƙata. Ta sa ya juya fankar wajenta. Ta aike shi ya sayo ruwan sanyi. Ta ce shekara ashirin da biyu take jiran ranar da za ta buga tebur ya amsa.

Wajen darasi na biyar ya lura da wani abu. Kafin hannun Auta ya tashi daga cinyarta, kafaɗarta takan ɗan ɗaga, in kuma tambaya za ta yi gira ke riga hannu. A darasi na shida yatsansa ya riga biron sau biyu. Matar ta ce sa'a ce. A na bakwai ya riga ta sau tara, ta ce ko jaki in ya daɗe a hanya yakan gane gida. Faifan da ya kasance minti arba'in da takwas yana ta kumbura, kuma duk shirun da ya mayar sai ya ji kamar an sa shi ya mayar da shara cikin ɗaki, amma ya mayar.

Ƙarfe huɗu saura suka kai darasi na tara, wanda ke koya wa iyaye yadda yaro ke cewa ba shi da lafiya. Matar ta ɗaga biro ba ta buga ba. Ta ce ya koma baya. Ya ce nan ne farkon ɗanyen hoton, babu baya. Sai ya tuna. Ranar ɗaukar, batirin kyamara ya ƙare daidai nan, ya canza, kuma bai danna maɓallin ɗauka ba sai da ya ji muryar tafinta. Muryar tana nan cif. Hannun kuwa ya riga ya gama nuna alamar ciwo, wadda duk darasin ya ginu a kanta, ya wuce zuwa kai da ciki da haƙori.

Almakashi ya yi abin da ya saba yi a ɗakin labarai idan hoto ya lalace: ya cire darasin gaba ɗaya, ya gyara jerin ya koma goma sha ɗaya, ya sake lambobin yadda ba za a ga gurbi ba. Matar ta ce Auta ta iya ƙidaya. Ya ce a gwada. Ya ɗora sabon aikin ƙarfe biyar da rabi.

Ƙarfe shida da minti goma sharhi ya shigo, guda ɗaya, a kan shafin zaɓi. Auta ta zana da'ira tsakanin na takwas da wanda ya biyo shi. Wannan karon ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Ta ce sauran gyaran ya yi, ta gode wa Anti, wato matarsa. Amma a zangon da ya wuce wani ɗalibinta ya dawo daga hutu da kumburin muƙamuƙi, mako biyu haƙori na cinsa yana faɗa da hannu, uwarsa na zaton taurin kai ne ya hana shi cin abinci. Saboda wannan darasin ta fara tunanin faifan. In babu shi, ba za ta danna komai ba.

Ya kawo shawara matarsa ta zauna gaban shuɗin ƙyallen ta nuna alamar. Matar ta ce a kai kasuwa, hannunta na hirar kicin ne. Auta ma ta rubuto cewa hannun Anti ya ƙware a gulma, amma ba a koyar da iyaye da shi. Ta ce da safe kafin shiga aji za ta ɗauki kanta da waya ta turo. Ganin ba wata hanya, ya aika mata sharuɗɗa bakwai masu lamba: ta kwantar da wayar, ta fuskanci taga, ta nemi bango mara komai, ta sa rigar da ta sa ranar ɗauka, da sauransu. Ta amsa da hoton babban yatsa.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas saura minti goma hoton ya iso. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Cikin sharuɗɗa bakwai ta kiyaye biyu. Wayar a tsaye take, tagar tana bayanta, kicin ɗinta ne, ga tawul a rataye a ƙusa, ga hannun butar shayin da ta jingina wayar ya leƙo ta kusurwa. Ya rubuta mata ta sake. Saƙon ya tafi bai isa ba, domin ƙa'idar makarantar ce a kashe waya a aji har zuwa hutun tara, ƙarfe sha ɗaya.

Ya kalli hoton sau huɗu. Sunan shagonsa na bayan kwalin faifan, kuma a shekara goma sha tara bai taɓa barin hoto irin wannan ya wuce ta hannunsa ba. Matarsa, wadda ta leƙo kafin ta buɗe kanti, ta ce da babu gara ba daɗi. Ya ce wanda ya ƙirƙiro wannan karin maganar bai taɓa tace hoto ba. Amma a kallo na biyar ya daina duban tawul. Hannuwan sun fara daga cinya, sun tashi, sun nuna alamar a hankali sau biyu, sun koma cinya, kuma ta bar shiru mai kyau gaba da baya, kamar mai ba tela yadi da rara. Ya ƙara wa fuskar haske gwargwadon iko, ya ɗora muryar tafinta a kai, ya mayar da darasi na tara gurbinsa. Baƙaƙen gurabe biyu da tsayuwar wayar ta bari a gefen hoton ya bar su yadda suke.

Ƙarfe goma saura kwata ya ɗora aikin karo na uku. Bai zauna jira ba. Ya kwafe aikin a faifan asali, ya gwada shi a na'urarsa, ya sa a aljihun riga, ya tari tasi zuwa ɗaya gefen gari.

Wurin mai bugawa dogon ɗaki ne mai zafi, injuna a jere suna gurnani, kwalaye har rufi. Mutumin kakkaura ne, da tabarau a goshi, da agogon bango da yake yawan kallo. Ya miƙo hannu a ba shi faifan. Almakashi ya ba shi, amma ya ce kada a fara tukuna, ana jiran amincewar mai aikin. Da mutumin ya ji cewa mai aikin ƙanwarsa ce, sai ya yi dariya ya ce yaushe aka fara jiran izinin auta, a buga kawai, in ta yi ƙorafi a saya mata turare. Almakashi ya ce da ranar Litinin ce, shi ma haka zai ce. Ya jawo wani kwali ya zauna, wayar a tafin hannu.

Sha ɗaya ta buga. Da minti huɗu shafin ya nuna Auta ta shiga. Yana iya ganin inda take kallo, wani ɗan ɗigo yana tsalle daga darasi zuwa darasi, yana tsayawa a wuraren da ta yi wa alama tun Talata. Ba ta gaggawa. Mai bugawa ya wuce da kwali ya ce sha ɗaya da kwata. Ya dawo ya ce da minti ashirin da biyar, ya kuma ambaci cewa mai aikin da ke biye mutum ne mai zuwa da wuri. Ɗigon ya isa darasi na tara ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tafiya. Ya koma baya karo na biyu. Almakashi ya cire hula ya riƙe.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti talatin da takwas akwatin ya cika da kore. A ƙarƙashinsa ta rubuta: “Bakwai bisa goma. Ka yi ƙoƙari, Yaya. A buga.”

Ya nuna wa mai bugawa. Mutumin ya sauko da tabaransa ya karanta, ya tambayi ina sauran ukun suka tafi. Almakashi ya ce bai da niyyar tambaya.

Kafin a ɗora kowane aiki, ƙa'idar wurin ce a gwada faifan asali a wata ƙaramar talabijin da ke kan kanta, wadda sautinta ya mutu tun bara. Mai bugawa ya riƙa tsallaka darussan da rimot, shuɗin ƙyalle bayan shuɗin ƙyalle, har kicin ya bayyana. Ya tsayar, ya matso da fuska.

“Wannan kuma wa ya ɗauka?”

“Butar shayi.”

“Ta yi ƙoƙari. Me take cewa a nan?”

Almakashi ya dubi hoton. Ya ce a mayar da shi farko, a bari ya tafi.

“Tana cewa, in yaronka ya yi haka, ciwo yake ji.” Ya ajiye hular a gefen talabijin ɗin, ya nuna da hannuwansa biyu, a hankali, ba da kyau sosai ba. “Sai ka duba inda ya kai hannun. Yanzu za ta tambaya, ka ga girarta.”

Mai bugawa ya gwada alamar shi ma, ya kai hannu ƙugunsa, ya ce to shi nan ne, shekara shida ke nan. Sannan ya zare faifan, ya kai shi injin farko, ya danna maɓalli. Saura minti goma sha shida sha biyu ta cika.